Haɓar Baba Shiru

Ku da kuka san Yayana Malam Tanimu, malamin kimiyya na makarantar nan ta Tudun Fulani, kun san ba a ba shi labari a tashi lafiya. Kana rufe baki zai ce, "Ka gani da idonka? To rubuta." Ni ƙanwarsa ce, a bakin makarantar nake tuyar ƙosai, don haka na sha wannan kalma har ta ishe ni.

Wata rana na ce, "Yaya, za a yi ruwa, gwiwata na sara." Ya ce, "Rubuta." Na ce, "Ni da ban taɓa riƙe biro ba?" Ya ce, "Ga jikarki Hajara. Duk ranar da gwiwa ta sara, ta rubuta, ta dubi sama ta rubuta." Jama'a, haka gwiwata ta shiga kimiyya ba da izinina ba!

Sai abokin zamansa, Baba Shiru. Kwarangwal ne na roba, tsawon mutum. Da aka yi wa Yaya canjin aiki daga Kagara zuwa nan, ya ƙi a sa Baba Shiru a but tare da kaya. Ya zura masa jallabiya, ya kafa masa hula, ya zaunar da shi a gaban mota. Direba ya leƙa ya ce, "Malam, wannan fasinjan lafiya yake?" Yaya ya ce, "Ya fi ka, bai taɓa faɗin abin da bai gani ba." Har Minna babu wanda ya yi tari a motar nan.

A aji kuwa, ko wake aka shuka a gwangwani, sai kowane yaro ya rubuta abin da ya gani, ya tsaya gaban Baba Shiru ya karanta da ƙarfi. In ya yi ƙarya ko ya yi ta kame-kame, sai haɓar Baba ta faɗo, ƙwas! Yaya ya ce, "Ka ji? Ko matacce bai gane ba. Sake." Mu manya mun san akwai zare daga haɓar zuwa ƙarƙashin teburinsa. Mun sani, amma ba ma son wucewa ta tagar ajin.

Hajara ce ta fi shan wuya. Da ta buɗe baki sai ƙwas. Ubanta ya ce in zangon nan ma ta kasa karatu, ta bar makaranta ta zauna masa a shago.

Ana tsakiyar damina Allah Ya karɓi Yaya.

Aka kawo sabuwar malama, Madam Rifkatu, wadda Hausarta ba ta nuna ba. Ta tsinke zaren a gaban yara, ta ce, "Ba na son tsorata pikin mutane," wato 'ya'yan mutane. Washegari wani yaro ya tashi ya karanta cewa wakensa ya tsiro har ya yi fure, alhali akuya ta cinye shi tun tuni. Ƙwas! Madam ta laluba ƙarƙashin tebur. Babu zare.

Ranar da layi ya zo kan Hajara, na bar mai a wuta na tsaya a taga, ubanta na bayana. Ta ɗaga takardarta, ta fara: "Kaka ta ce gwiwarta tana sara. Na duba gabas, akwai hadari. Bayan la'asar aka yi ruwa. Wata rana ta sara, ba a yi ba. Ban san ko gwiwa ta san ruwa ba. Abin da na gani ke nan."

Muka zuba wa haɓar ido. Ba ta motsa ba. Babu iska, ko labule bai kaɗa ba, amma hular nan ta Baba Shiru ta karkace zuwa gaban goshi, daidai yadda Yaya ke tura tasa in abu ya yi masa daɗi. Madam ta ce, "Yesu! Mama, ka gani?" Na ce, "Na gani, 'yar nan. Rubuta."

Uban Hajara bai sake zancen shago ba. Ita ce ma ke rubuta muku wannan, tana gyara mini zance kamar wanda ya koya mata.

Yaya, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Abin da mala'iku suka gani suka rubuta maka, Allah Ya sa alheri ne.