Shafin da Na Haɗa wa Baba

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a wani ɗan ofishin haɗa shafukan intanet ba, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi yana takawa da sanda, hannunsa na dama ma lafiya lau. Harshe ne ya yi nauyi. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da Hausa a sakandare, wanda in ya buɗe hira a zauren gidanmu a Dukawuya bayan la'asar sai kiran magariba ke tashin mutane, sai ga shi kalma ɗaya ma sai ya yi kokawa da ita. Masu zuwa dubiya, don tausayi, da ya fara magana sai su ƙarasa masa. Mu ma 'yan gida haka muke yi. A hankali ya daina fita zaure. In an yi sallama sai ya ɗaga wa mahaifiyata hannu, ta aika a ce Malam yana hutawa.

Wata rana ina cikin adaidaita sahu za ni ofis, sai ga saƙo mai tsawo daga wayarsa. Labarin wani kududdufi ne da ke bayan layinmu a da, wanda aka cike aka yi gine-gine a kai. Da yatsa ɗaya ya rubuta shi, amma ina karantawa kamar ina jin muryarsa ta da, har da irin zolayarsa. Da na dawo da yamma na durƙusa gabansa na ce, "Baba, zan buɗe maka shafi. Ka riƙa zuba irin wannan, kowa ya karanta." Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa na ɗauka ya amince.

A lokacin ina ji da kaina, sabuwar ma'aikaciya. Na ɗauko babbar manhajar da muke yi wa kamfanoni aiki da ita, na loda mata kaya: hotuna masu sulɓewa, taswira, agogo, har da wurin nuna yanayin gari, kamar Baba ba zai iya leƙa tsakar gida ya ga ko da hadari ba. A kwamfutar ofis abin gwanin sha'awa. Na kawo gida na buɗe a wayarsa. Ɗakin Baba ginin ƙasa ne mai kaurin bango, sabis sai ka matsa jikin taga. Shafi ya yi ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Baba ya jira, ya jira, sannan ya miƙo min wayar ya jawo rediyonsa.

Washegari na kai kuka wajen wani abokin aikina. Ya duba ya yi dariya ya ce, "Ke, mutum ɗaya zai yi rubutu, kika ɗauko masa tirela? Nemi ƙarama." Shi ya nuna min wata 'yar manhaja mara nauyi, wadda ba ta buƙatar rumbun bayanai. Duk rubutun da aka yi, fayil ne guda a cikin folda. In kana son adana shafin gaba ɗaya, kwafe foldar kawai za ka yi.

Ranar Asabar na baje a tabarma kusa da taga, na ɗora manhajar a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafuka a intanet. Ta buɗe nan take, amma da na gwada ajiye rubutu sai ta ƙi. Na yi ta zargin sabis, ashe ni ce ban ba foldar izinin karɓar rubutu ba. Na gyara wannan, na sa sunan shafi, na ƙara girman haruffa saboda idonsa, na ɓoye duk maɓallan da ba ya buƙata. Sai na liƙa labarin kududdufi na wallafa, na miƙa masa ina murmushi.

Fuskarsa ta canza. Na leƙa, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, alamar tambaya ce ta fito. Na ce, "Baba, ko mu riƙa rubutawa ba lanƙwasa? Ai kowa haka yake yi a waya, ana ganewa."

"A'a."

Tun da ya kwanta ban ji kalma ta fita tar daga bakinsa kamar wannan ba. Mahaifiyata daga madafi ta ce, "Kin taɓo malamin Hausa, sai ki san yadda za ki yi." Haka na koma cikin fayil ɗin saiti, na sauya tsarin haruffa, na nemo salon rubutun da ya san da zaman haruffanmu. Sai bayan azahar ƙ ta fito da ƙugiyarta. Baba ya sa yatsa a kanta, ya gyaɗa kai.

Abu ɗaya manhajar ba ta zo da shi ba: wurin da masu karatu za su bar sharhi. Sai an ƙara mata wani ɗan ƙari. Na ce zan yi mako mai zuwa, kuma kun san irin wannan makon.

Baba ya ci gaba da rubutu, kusan kullum da hantsi. Ni ina tura wa 'yan uwa, su ma suna turawa gaba. A ciki har ya ba da labarin yadda, suna yara, wani abokinsa ya bi akuya da gudu ya faɗa kududdufin nan tsundum. Abokin nan yana nan da ransa, dattijo ne mai sayar da kayan yaji a Kasuwar Kurmi, kuma 'yarsa ta karanta masa.

Ran nan da la'asar muka ji sallama da ƙarfi. Baba ya ɗaga hannu kamar kullum, na fita na ce, "Alhaji, Baba yana hutawa."

Ya ce, "'Yata, ba dubiya na zo ba. An ce min a abin naku babu inda mutum zai mai da martani, shi ya sa na tako. Ki ce masa ya fito, ƙarya ya yi min."

Kafin in juya na ji ƙarar sanda a bayana.

Suka zauna a zaure, ni da mahaifiyata muka laɓe a bakin ƙofa. Alhaji ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Wa ya faɗa ruwan nan? Ni ko kai?" Baba ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Amma Alhaji bai taimaka masa da ko harafi ba. Ya harɗe hannu ya ce, "Faɗi, ina jin ka. Yau ba inda za ni." Can Baba ya ce, a rarrabe, "Kai... ne. Ni... na... jawo ka."

"Ka jawo ni? Kai da na tsamo daga ruwan kana kuka!"

Sai muka ji Baba yana dariya, irin wadda har da tari. Mahaifiyata ta koma ciki da sauri wai za ta ɗora shayi, amma na ga tana goge ido da gefen mayafi. Musun nan bai ƙare ba sai da aka kira magariba, kuma har yau ban san wanda ya faɗa kududdufin ba.

Tun daga nan na haɗa shafuka da yawa, wasu manya ƙwarai, amma in abokin ciniki ya fara lissafo min abubuwan da yake so a cusa masa, nakan tambaye shi wa zai yi amfani da shi, kuma a wane ɗaki. Na kuma koyi riƙe bakina in mutum yana neman kalmarsa, ko da na san ta.

Harshen Baba bai koma yadda yake ba, amma zaure ya sake cika. Daga baya kunya ta kama ni, na ce masa na samu lokaci, zan ƙara wurin sharhin nan. Ya girgiza kai, ya ɗauki lokacinsa, ni kuma na jira.

"Bar shi," ya ce. "Mai magana... ya san gidan."