Makullin Mota a Bakin Zanen Inna Tumba

Na yi shekaru ina yawon rigakafi tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da tsofaffin mata suka tare mana hanya da taɓare. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo ƙarƙashina sai ya sha wannan labari, har ana tsokanata wai Malam Lawali ba shi da wani sai shi. To, ku ma ku yi haƙuri ku sha naku.

Cikin azumin 1973 ne. Lokacin ina mataimakin duba-gari, wato ma'aikacin tsabta da lafiya, aka ba ni mutum biyu muna bin ƙauyuka muna yi wa yara allurar ƙyanda. Maganin nan ba ya son zafi. Da sassafe muke ɗauko shi daga firjin ofis a Gusau cikin akwati da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke ya zama ruwan banza. Kafin mu je gari ana aika wa mai gari, ya sa sanƙira ya yi shela kowane magidanci ya hallara a ƙofar gidansa. Magidanta muke fara kira domin mace ba ta fito da yaro sai da izinin mijinta. Allurar kanta na'ura ce mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa. Kayan aikinmu kaki ne, motarmu kuma koriyar Landiroba.

A wannan watan ne yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila. Gusau ta ɗauki zafi. Kowace rumfa da rediyonta, a tasha kuwa har da samari masu zagayawa da kabbara suna neman a rubuta sunayensu a tafi da su. Wasu kuma suna cewa mu da muka fita daga yaƙin basasa ko hawaye bai bushe ba, me ya kai mu yaƙin wata ƙasa? Aminai sun ɓata a kan wannan magana, wa da ƙane sun daina gaisawa.

Ni kuwa a cikin motata nake ɗauke da ɓangarorin biyu. Sahabi, mai harba allura, saurayi ne mai zafin kai da ƙwazon aiki, amma na tabbata ko kaza bai taɓa yankawa ba. Direbanmu Kofur Mani tsohon soja ne, ya dawo daga basasa yana ɗingishi.

"Ko gobe anka buɗe rajista, ni ka hwara sa suna," in ji Sahabi wata rana a hanyar Tsafe.

Kofur bai ko waiwaya ba ya ce, "Yaro, ka taɓa jin warin wurin da anka yi yaƙi?"

"Tsoro dai kaka ji, Kofur."

Daga ranar Kofur ya ɗauke masa wuta. Ko wajen shan ruwa kowa juya wa ɗan'uwansa baya yake yi, ni ina tsakiya ina miƙa kofin kunu dama da hagu.

Ana cikin haka ƙyanda ta shiga wani ƙauye bayan duwatsun Kwatarkwashi, ta fara kwasar yara. Babban jami'inmu ya kira ni ya ce, "Lawali, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su shi ne na gaba a hanyar cutar. Ka je, kada ka dawo mini da magani." Muka aika da saƙo. Ana gobe za mu je muka tsaya cefane a kasuwar Kwatarkwashi, inda Sahabi ya samu rumfar mahauta ana gardamar yaƙi. Ya tsaya da kakinsa yana ɗaga murya cewa wajibi ne duk mai jini a jika ya tafi. Ashe akwai mutanen ƙauyen a wurin.

Washegari da hantsi muka doshi garin. Gero na kwance a gonaki an yanke, ba kowa a kansa. Daidai inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu sai ga tsofaffin mata zaune a ƙasa sun cika ta, kowace da taɓarya a cinya. Namiji ɗaya ne a wurin, mai gari, tsoho tukuf, yana tsaye gefe kamar wanda aka kawo ba da sonsa ba. Na sauka na gaishe shi, ya ja ni gefe ya ce tun asuba mazan gari suka haye dutse, domin an ce ɗibar soja muka zo yi. Ya ce lokacin basasa haka aka zo ɗibar soja: shela ga magidanta, koriyar mota, masu kaki. A zamanin mahaifinsa ma, da aka kwashi mutane zuwa yaƙin Bama, haka aka yi.

Wadda ke gaban matan ita ce Inna Tumba, ungozomar garin, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Na durƙusa na yi mata bayani, na rantse da azumin da ke bakina cewa yara muka zo yi wa allura. Don in tabbatar mata na sa aka buɗe akwatin na'ura. Ai kuwa suna ganin bindigar sai salati ya tashi, taɓare suka miƙe tsaye. Na ce a rufe, a rufe!

Na duba akwatin magani, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasansa. Ni kuwa na ga abin da ƙyanda ke yi wa gari, na ga uwa ta binne biyu a mako ɗaya. Na ce, "Inna, mun ji, a bar maza inda suke. A fito mana da yaran kawai."

"Ɗiya ba su hita sai da izinin uwayensu maza. Kai ma ka san hakanan."

Na sani kuwa. Sai Sahabi ya matso, shi a dole zai gyara. "Inna, ba wanda za a tilasta. Kuma ai yaƙin nan, taimakon 'yan'uwa..."

Ta ƙare masa kallo. "Halan kai na na kasuwa jiya?" Ya ce shi ne. Ta ce, "Audu ɗana awa kai yake, tsawonku guda. Da kaina na ɗaura mai guzuri munka raka shi bakin mota. Ko takalmi nai ba a maido min ba. In tahiya kaka so, tahi. Amma ka tambayi uwarka?"

Sahabi ya ja da baya ya koma gefen mota.

Duk wannan abu Kofur Mani na cikin mota. Sai ya sauko yana jan ƙafa, ya cire hularsa ta kaki, ya tsuguna gaban tsohuwar ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce shi ma can ya baro lafiyar ƙafarsa. Sannan ya ce, "Inna, ba mu kika tsoro ba, motag ga ta. To ga makulli nata. In yana hannunki ba ta ɗaukar kowa, ko mu ba mu tahiya sai kin sallame mu."

Ku sani, a dokar aiki direban da ya ba wani makullin motar gwamnati korarsa ake yi, shugaban tawaga kuma ya bi bayansa. Kofur ya dube ni. Na dubi ruwan da ke ɗiga daga akwati, na ɗaga kai sama kamar mai neman jinjirin wata da rana tsaka.

Inna Tumba ta juya makullin a tafin hannunta, ta ƙulle shi tam a bakin zanenta. Ta ce saura kakin. Haka muka tuɓe riguna, ma'aikatan gwamnati uku muka tsaya daga mu sai singileti, tsofaffi suna rufe baki suna dariyar ƙasusuwan haƙarƙarina. Ta tafi da kanta gindin dutse ta dinga ƙwala wa maza kira da sunayensu, ai ita ta yanke wa mafi yawansu cibiya. Suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, ana sunkuyar da kai, kakanni suna yi musu shaƙiyanci wai ga mazajen da suka ci dutse da yaƙi. Kowa ya leƙa ya ga makulli a zanen Inna sai ya wuce gida ya fito da 'ya'yansa.

Muka kafa tebur a inuwar tsamiya. Ni ina haɗa magani, Kofur yana tsara layi, Sahabi yana harbi, kuka ya cika gari. Kafin la'asar mun kusa gamawa, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi ƙwayar goro ba.

Da layi ya ƙare sai Inna Tumba ta zo riƙe da hannun wani yaro ɗan shekara huɗu. Ba magidancin da ya rako shi. Ta tsaya gaban Sahabi ta ce, "Wanga ɗan Audu na. Yana ciki uban yat tahi. Shi kaɗai yaƙi yab bar min. Yi mai a hankali."

Sahabi ya kasa saita na'urar. Kofur Mani, wanda bai yi masa magana ba tun hanyar Tsafe, ya matso ya ɗauki yaron ya ɗora a cinyarsa, ya ce, "Taka, Sahabi. Na riƙe shi." Ya taka. Ni dai na juya baya ina ta gyaran akwatin da ba abin da ya same shi, domin idona ya cika.

Wajen Sallah aka tsagaita wuta a can ƙasashen, ba a ɗebi ko mutum ɗaya daga wajenmu ba. Ƙyanda ta iso garin bayan an gama kai amfanin gona gida, ta taɓa 'yan tsiraru ta wuce. Sahabi da Kofur ba su taɓa daidaitawa a kan yaƙin ba, har suka rabu da aiki suna gardama, sai dai a kwano ɗaya suke yin ta.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, za ku je garin da za a rufe muku ƙofa, ranku ya ɓaci, ku ce jahilci ne. Kada ku yi saurin faɗin haka. Mutanen nan suna son 'ya'yansu fiye da yadda muke son su, kuma ba su mantuwa. Kafin ku sauke kayan aiki, ku zauna da tsofaffin garin ku tambaye su abin da motar da ta riga taku zuwa ta ɗauka daga wurinsu.