Sandar da Na Durƙusa wa a Duwatsun Hatta

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, ina aiki a wani ofishin kago na masu aika kaya a Dubai, ina zaune a International City tare da wasu samari a fulat ɗaya. Ba na shan taba, ba na yawon banza. Abu ɗaya ne ya kama ni tun ina yaro: wani tsohon shirin talabijin na jirgin da ke yawo tsakanin taurari. A ɗakin mahaifiyata muke kallonsa a Kano, tana tsintar shinkafa tana yi mana faɗa mu matsa daga jikin akwatin. Aka daina shirin ba a ƙarasa labarin ba, abin ya tsaya mini a rai har na girma.

A Dubai na haɗu da masu irin ciwona: wani Ba'indiye gwanin kwamfuta, 'yan Filifin biyu, da wani ɗan garinmu dillalin wayoyi da ke zaune a Al Nahda. Muka ce tunda masu shirin sun watsar, mu za mu ƙarasa shi da kanmu, don sha'awa kawai. Muka sayo yadi da fenti a kasuwar 'yan Sin da ke kusa da mu, in an sakko daga Juma'a mu ɗauki hanyar wani gari da ake kira Hatta, domin duwatsun can kamar ba a duniyar nan suke ba. Ni aka ba wa matsayin sarkin mutanen wata duniya: fuska shafe da fenti ruwan toka, ƙahonin roba biyu, da baƙar alkyabba. Akwai inda sarkin zai durƙusa ya miƙa wuya ga jirgin. To jirgin babu shi, sai daga baya Ba'indiyen zai saka shi da kwamfuta, saboda haka aka kafa sanda aka ɗaura mata jan ƙyalle don in san inda zan kalla. Na durƙusa gabanta, na ɗaga hannuwa, ina surutai da yaren da muka ƙirƙira. Dokarmu ɗaya ce: ɗanyen hoto ba ya fita sai an gama haɗawa.

Wannan ɗan garin namu, wanda muke cin abinci a kwano ɗaya, shi ya yanko wurin durƙuson ya tura wa 'yan kasuwar Kano a waya, wai don a yi dariya. Kafin ka ce me, hoton ya isa unguwarmu, wani mara tsoron Allah ya ɗora murya a kai yana cewa ga yadda yaranmu ke samun kuɗi a Dubai, tsafi suke yi a cikin duwatsu. Mahaifiyata ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta tambaye ni kawai ko ni ne. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce ta ji, Allah ya tsare. Da na je Al Nahda na tsare shi, wallahi dariya ya yi! Ya dafa ni yana ce mini habibi irin na Larabawa, wai khalas, magana ta wuce, wasa ne, ai ma na yi suna. Ba don na san faɗa a ƙasar nan yana cinye biza ba, da na zubar masa da haƙora.

Na matsa wa Ba'indiyen ya gama aikin, na tura wa ƙanwata ta nuna wa mahaifiyarmu: ga jirgi nan ƙato a daidai inda sandar take. Ta ce ta gani, ya yi kyau, ta yarda. Hankalina ya kwanta, na ci gaba da aika mata kaya kamar yadda na saba, bargo, na'urar awon jini, da takalmi mai laushi saboda ƙafarta da ke kumbura. Sai korona ta zo aka rufe filayen jirgi, ta rasu ban samu jana'izarta ba. Da hanya ta buɗe na je gida, ƙanwata ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Duk abin da na aika tun daga ranar da hoton ya fita yana ciki, ko ledarsa ba a cire ba. Ta ce mahaifiyarmu takan ce ita ba ta zargin ɗanta, amma ba za ta sa wa jikinta abin da zuciyarta ba ta natsu da shi ba. Da tsohon silifa ta yi ta jan kumburarriyar ƙafarta har ta koma ga Allah.

Shi kuwa gogan har ya kira ni ta'aziyya, na kashe wayar. Ana ce mini in yafe, ni dai har yau ban iya ba, kuma ba zan yi ƙarya ba. Na koyi cewa abin da ya zama wasa a nan, a gida yana iya zama tabo, kuma gyara ba ya zuwa inda ƙarya ta riga ta je. Ku masu tura hoton mutane don a yi dariya, ku ji tsoron Allah. Kowane mutum da kuke gani a wayarku yana da uwa, kuma ita ma tana gani. Takalmin nan yana ɗakina, har yanzu a cikin ledarsa.