Jakar da Awakin Gaffati Suka So

Aikin auna rijiyoyi a shekarun fari da yunwa wahala ce tsagwaronta, ku da kuke zaune a buro ba za ku gane ba. Motar serwisi, wato ta ma'aikatarmu, ba mai. Da ƙafa nake bin ƙauyuka, in zura igiya a rijiya, in ga ruwan da ya saura, in dawo in faɗa wa shef, shugabanmu na aiki.

Wata rana shef ɗinmu, Alhaji Mamman, ya kira ni. Wani annasara ya kawo kayan tafiya marasa nauyi, yana so a gwada: jakar goyo, ɗan tanti, takalmi, da bidon ruwa na roba.

Shef ya ce, "Ilu, ka je da su yankin Gaffati. In ka dawo ka faɗi yadda suke. Amma in jakar nan ta lalace, ka nemi wani aikin."

A wannan shekara rasa aiki rasa hatsi ne, ga iyali na bari a unguwar Zango.

Gaskiya kayan ba nauyi. Takalmin ya yi, sai dai ƙarangiya ta aure shi. Bidon kafin azahar ya dafa ruwa, ganyen shayi kawai ya rage. Tantin kuwa, iska ta taɓa shi sau ɗaya na bi shi da gudu har gonar mutane.

Jakar ce masifa. Koriya ce shar, kuma a duk ƙasar Damagaram ba wani abu kore sai ita. Ina shiga ƙauye awaki su taso. Tumaki su biyo. Har wani jaki da ake cewa ya kasa tashi ya miƙe ya bi ni.

A bakin wata rijiya na ajiye ta don in zura igiya. Ina juyowa, akuya ta cinye madauri ɗaya tana neman na biyu. Muka kama ja. Mai ita, wata tsohuwa, ta fito.

"Bawan Allah, ka bar ta mana. Rabonta da ganye tun bara."

"Inna, ba ganye ba ne, aikina ne take ci."

"To wa ya aike ka ka goyo damina ka ratsa gari?"

Na dawo Zinder rungume da jaka kamar jinjiri. Shef ya dube ta, ya dube ni. Annasaran ya sa aka tambaye ni ra'ayina. Na ce kaya masu kyau ne, amma a ƙasar da dabba ta ƙoshi. Ya yi ta dariya har da share ido. Shef bai yi ba. Ya ce, "Jibi za ka koma. Da ita. In aka ƙara cin ko zare ɗaya, ka san sauran."

Nan na gane sauƙin kaya ba a sikeli yake ba, yana ga abin da zai biyo ka.

Washegari na kai ta unguwar Birni wurin dukawa. Fata ta yi arha a lokacin, dabbobi na ta mutuwa. Na sa aka yi mata sabon madauri, aka ɗinke ta ruf cikin fatar akuya. Ta fi tsohuwar jakata nauyi. Badukun ya ce na ɓata kayan annasara. Na ce ɗinka dai, Malam, akuya ba ta cin 'yar'uwarta.