Mai Buwai a Tashar Lae

A tashar motar garin Lae wata dattijuwa na zaune gaban tiren buwai, ƙwayar da kowa ke taunawa da farar ƙasa. Haƙoranta sun rine jawur, ta ɗaure kumburarren kuncinta da ɗankwali. Da gani ciwon daji ne, mai cin bakin masu tauna. Wataƙila da tiren nan ta raini 'ya'yanta.

"Inna Waime, yau ba kya taya mu taunawa?" in ji wani direba.

"Likita ya ce naman cikin bakina ke ta tsiro ba birki, ɗana."

Ta ɓare ɗaya, hannunta ya nufi baki don sabo, sai ta tsaya. Ta miƙa masa, amma ba ta saki ba.

"Dubi fuskata tukuna, sannan ka tauna."