Ranar da Gide Ya Ɗaure Bawul

Gide na Mabai mutum ne da ba ya son ganin abu sakwa-sakwa. In ya ɗaure buhun masara, sai an sa wuƙa. Matarsa Talatu ta daɗe da daina ba shi galan ɗin manja ya rufe, don kada ta kwana ba miya. Noma ya iya, kiwo ya iya, sai dai shi a ganinsa ba abin da bai iya ba. Shi ya sa bakanike bai taɓa ganin cikin mashin ɗinsa ba.

Matar ɗansa Mas'ud ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta a Ketare. Gide ya aika wa mahaifinta, Alhaji Sanusi, cewa kada kowa ya nemi ragon suna, shi zai kawo da kansa. Jikan fari ne, kuma alkawari gaban surukai ba abin wasa ba ne.

Ana gobe suna ya ji injin yana 'yar ƙara, kas-kas-kas. Ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya kwance murfi. Ya taɓa bawul biyun nan, mai shigar da mai da mai fitar da hayaƙi, ya ji suna ɗan motsi. Ai kuwa ya murɗe su tamau. Sarƙar taimin ma, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, bai yarda da zamanta ba, ya cire ya mayar yadda ta yi masa kyau a ido. Akwai 'yar alama a jikin giyar da sarƙar ke hawa, ya ɗauka ƙarzuwa ce.

Da safe ya ɗaure rago a baya, ya sha babbar riga, ya taka kik. Shiru. Ya yi ta takawa har hula ta faɗi. Can mashin ya saki wata uwar tusa, kaji suka watse, rago ya jiƙe masa bayan riga.

"Ƙarar dai ta tahi, Malam," in ji Talatu daga zaure.

Maƙwabcinsa Rabo, wanda ya taɓa yin acaɓa a Funtuwa, ya leƙo. "Gide, mi ka yi mashi?"

"Ɗaure shi na yi."

"Bawul ba buhu ba ne! Ƙarhe in ya ɗau zahi buɗewa yakai, dole a bar mashi wuri."

Rabo ya sa Talatu ta kawo reza. Ya juya injin a hankali har alamar nan ta zo daidai da 'yar'uwarta, ya mayar da sarƙa mazauninta. Sannan ya sassauta bawul, ya zura rezar tsakani har ta wuce da ɗan ja. Gide na tsaye kamar ana cire masa haƙori.

"Ƙara murɗawa kaɗan mana."

"Ka taɓa sifanar ga in koma gida."

Taku ɗaya mashin ya tashi.

Hantsi ya dubi ludayi kafin ya isa Ketare. An raɗa suna, goro ya ƙare, mahauci na zaune yana gyangyaɗi da wuƙa a cinya. A gindin darbejiya ga wani rago a ɗaure, na Alhaji Sanusi. Gide ya sauko daga mashin.

"Tun ɗazu ake cewa in yanka nawa," in ji Alhaji. "Na ce a'a, Malam Gide ya ce zai kawo. Halan mashin ne ya lalace?"

Kunya ta rufe Gide. Ya dubi hannayensa baƙi ƙirin da mai, ya dubi mutanen da suka sha rana saboda shi.

"Lahiyarshi ƙalau, Alhaji," ya ce a hankali. "Gyara shi na yi."