Agogon Malam Sada yana aljihuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina shan koko aka kira ni, wai Malam Sada mai gyaran agogo na kasuwar Ƙanƙara ya rasu. Ya dawo sallar asuba, ya zauna bakin gado, shi ke nan.

Ni kuma agogonshi na aljihuna, a mace. Ni na kashe shi.

Waɗanda suka san Malam sun san akwatin nan nashi. Tsofaffin agogon hannu ne masu maɓalli biyu a gefe, ka danna allura ta ruga, ka sake dannawa ta tsaya cak. Kronograf yake ce masu. Ba ya tara na manyan kamfanoni, sai wanda mutum guda ya zauna a ɗan shagonshi can Turai ya ƙera da hannu. Shekara da shekaru yana bin 'yan gwanjo da magadan tsofaffin alhazai yana tsinto su.

Wata biyu da suka wuce za a ɗaura auren ɗiyata Hauwa a Faskari, na ce ya ara mani guda in firgita surukai. Ya ɗaura mani da hannunshi yana ta bayani. Ni ina can ina tsokanar mai tsire, ban ji komai ba.

Na sha danne-danne ranar. Har addu'ar liman sai da na auna.

Kwana biyu agogo ya tsaya. Ni da na tsaya aji biyar na firamare, nan take na gano ciwon: batir. Ashe ba ya da batir, murza shi ake yi kowace safiya, abin da Malam ke faɗa mani ke nan. Na kai shi wurin wani mai gyaran waya a garin Sabuwa, ya ɓalle bayan da wuƙa, wani ɗan ƙarfe siriri kamar gashi ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi. Mu biyu muka yi ta rarrafe har la'asar.

Tun ranar nake zagaye rumfar Malam ta layin masu hatsi.

Mutumin da ya cike ma 'ya'yana fom ɗin makaranta su duka. Da maiɗakina ta kwanta asibiti, shi ya riƙa karanta mani takardar magani, bai taɓa bari wani ya gane ban iya ba.

Ranar Juma'a ya kama ni a bakin masallaci.

"Bala, agogona yana numfashi?"

Na ce, "Lafiya lau, Malam, yana gaishe ka."

Ya dubi hannuna da babu komai, ya yi murmushi. "To ka ce mashi ina amsawa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ƙarya na yi mashi.

Bayan mun dawo maƙabarta ƙanenshi Alhaji Lawal ya miƙo mani wata 'yar takarda a naɗe da ya gani kan teburin aiki. Ɗan ƙarfen ne a ciki, wani sabo. Ashe mai wayar ya je ya faɗa ma Malam tuntuni. A bayan takardar Malam ya rubuta da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa: "Na Bala, ranar da kunya ta sake shi."

Ƙarfen na hannuna, amma daga Ƙanƙara har Faskari ban san wanda ya iya saka shi ba.

Agogon nan na marayu ne yanzu. Ranar sadakar uku zan tsaya gaban matarshi Hajiya da 'ya'yanta in faɗi abin da na kasa faɗa ma ubansu, sannan in nemo mai gyara ko a Kano ne. Ba zai shiga rabon gado a mace ba.

Allah Ya gafarta ma Malam Sada, Ya haskaka kabarinshi, Ya rufa asirinshi yadda ya rufa nawa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mashi addu'a. In da saura, ku sa ni.